Kafin 31 ga Disamba 2025: me ya zama doka a Amurka, me ke bakin 'yan majalisa kawai?

Maman Yasmin

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙarfe uku da rabi na dare nake rubuta wannan, a watan Disambar 2025, a ɗakin hutun ma'aikata, domin da rana raino da barci ba sa barina in zauna in yi tunani. Ni ma'aikaciyar jinya ce a jihar Ohio, shekarata takwas a ƙasar nan, kuma shekara biyar ke nan da na fara sa ɗan abin da na samu a hannun jari.

Ga yadda al'amurana suke. Ina da asusun ritaya na 401(k) a wurin aiki, ana cire kashi 6 cikin 100 na albashina. Ina kuma da asusun kaina a wajen wani dillali, abin da ke ciki bai wuce dala 19,000 ba. Akwai hannun jarin wani kamfanin sola da na saya a kan dala 4,200, yau da na duba dala 1,500 ya rage. Duk sa'ad da na buɗe manhajar na ga jan rubutun nan sai gabana ya faɗi, don kuɗin aikin dare ne, na tsayuwar sa'a goma sha biyu. Akwai kuma ɗan kirifto na kusan dala 900 tun 2021, ban taɓa shi ba.

Abin da ya sa na kasa yanke shawara ni kaɗai shi ne abin da ya same ni bara. Ranar 20 ga Disamba na sayar da wani hannun jari a kan asara don in rage haraji, sai ranar 6 ga Janairu na ga ya fara tashi, na koma na sake saye. Da na je wurin mai cike mini takardun haraji a watan Maris, ta juyo mini da fuskar kwamfutarta, ta sa yatsa a kan wani layi, ta ce asarar dala 1,100 ɗin nan ba za ta shiga lissafin harajin bara ba. Na yi shiru a kujerar, ga tsohon ciki, ga takaici. Babu wanda ya taɓa gaya mini akwai wannan ƙa'ida.

To bana surutun ya fi na bara yawa. A wurin aiki wata ta ce daga Janairu duk kuɗin da ka aika gida sai an cire haraji. Wani ya ce za a zuba kirifto da basussukan kamfanoni a cikin 401(k) ɗinmu ko muna so ko ba ma so, ni kuwa tun farko ina kaffa-kaffa da duk abin da ya shafi kuɗin ruwa. An ce kamfanoni za su daina fitar da rahoto duk wata uku. An ce yaran da aka haifa bana gwamnati za ta buɗe musu asusu, Yasmin kuwa a Afrilun bana na haife ta. Ga rufe gwamnati da aka yi, ana kuma cewa za a iya maimaitawa a Janairu.

Don Allah wanda ya san harkar ya raba mini aya da tsakuwa. Wanne ne ya riga ya zama doka, wanne ne zance? Kuma mene ne in ban yi shi kafin 31 ga Disamba ba ya wuce ni?

Malam Akanta

Wa alaikumus salam, Maman Yasmin. Allah ya raya Yasmin. Shekara goma sha huɗu ina cike wa mutane takardun haraji, kuma layin da aka nuna miki a kwamfutar nan, duk watan Maris sai na nuna wa wani irinsa.

Babbar dokar bana an gama ta tun bazara, ba abin da ake jira ba ne. Ita ce wadda suke kira One Big Beautiful Bill, Shugaba Trump ya sa mata hannu ranar 4 ga Yuli 2025. Da ƙyar ta tsallake: a majalisar dattawa sai da mataimakin shugaban ƙasa Vance ya raba gardama aka tashi 51 da 50, a majalisar wakilai kuma 218 da 214. Abin da ta yi mafi girma shi ne ta dawwamar da rangwamen harajin dokar 2017, wanda da a ƙarshen wannan watan zai ƙare. Wato fargabar da aka shekara ana yi cewa haraji zai tashi a Janairun 2026 ta kau. Harajin ribar hannun jarin da kika riƙe fiye da shekara ɗaya yana nan yadda yake, kashi 0 ko 15 ko 20, gwargwadon samunki.

Maganar kamfanin solarki. Wannan dokar ce ta datse rangwamen da ake ba masu sa sola a gidajensu daga 31 ga Disamba, na motocin lantarki kuma ya riga ya tsaya tun 30 ga Satumba. Ko farashin zai farfaɗo, wannan ba hurumina ba ne. Hurumina lissafi. In kika sayar, asararki dala 2,700 ce. Ana fara goge ribar da kika ci a wasu hannayen jari da ita, in akwai saura sai a cire har dala 3,000 a shekara daga albashin da ake caje ki haraji a kai, abin da ya haura a ɗauke shi zuwa baɗi. Ranar da kika danna sayarwa ake dubawa, kuma 31 ga wata Laraba ce, kasuwa a buɗe take. Amma kada ki kai ta ranar ƙarshe, ke da kike kwana a tsaye.

Ƙa'idar da ta cije ki bara kuwa, kwana 30 ne kafin sayarwa da kwana 30 bayanta: in aka sayi hannun jarin nan a cikinsu, asarar ba ta shiga lissafin harajin shekarar. Mutane suna manta ta farko. In kin ƙara sayen hannun jarin nan a cikin makonnin nan, ya shiga tarkon. Haka in kin bar manhajar tana juya rabon ribar da kamfani ya ba ki tana saya miki ƙarin hannun jari da kanta. Haka in maigidanki ya saya a nasa asusun. Abin da zai ɗan sanyaya miki rai shi ne dala 1,100 ɗin bara ba ta ɓace ba, an ɗora ta ne a kan kuɗin sayen sabon, ranar da kika sayar da shi za ta fito. Inda take ɓacewa gaba ɗaya shi ne in a asusun ritaya na IRA, wanda mutum ke buɗe wa kansa, aka sake sayen.

Harajin aika kuɗi gaskiya ne, amma abokiyar aikinki ta ƙara masa gishiri. Kashi 5 aka fara ambata, ya sauko 3.5, aka ƙare a kashi 1, daga 1 ga Janairu 2026. Kuma wanda ya kai tsabar kuɗi kanta ya miƙa, ko ya biya da takardar kuɗi irin ta gidan waya ko cekin banki, shi ya shafa. In daga asusun bankinki ko katinki na nan Amurka kuɗin ke fita, babu ruwanki da shi.

Ga wani abu da ba ki tambaya ba, alhali ya fi duk sauran amfani gare ki: kuɗin ƙarin lokaci. Daga 2025 zuwa 2028 ana iya cire har dala 12,500, ko 25,000 ga ma'aurata masu cikewa tare. Ba dukan kuɗin ba fa, ƙarin rabin nan da ake ɗora miki a kan farashin sa'arki. Takardar albashi ta shekara ba lallai ta ware shi ba a bana, saboda haka ki adana takardar biyanki ta ƙarshe ta Disamba, kada ki yar.

Abin da ke rufewa da shekara shi ne 401(k), don ta albashi yake shiga. Iyakar 2025 dala 23,500, ta 2026 kuma 24,500. IRA kuwa kina da sarari har 15 ga Afrilu 2026 ki cika na 2025, dala 7,000. Asusun Yasmin doka ne: ɗan ƙasa da aka haifa daga farkon 2025 zuwa ƙarshen 2028 gwamnati za ta sa masa dala 1,000, iyaye na iya ƙarawa har 5,000 a shekara, amma ba za a fara zuba kuɗi ba sai 4 ga Yuli 2026. Babu gaggawar Disamba a nan.

Sauran biyun, zuwa Disambar 2025, ba su zama komai ba. Na 401(k) umarnin shugaban ƙasa ne na 7 ga Agusta, ya ba ma'aikatar ƙwadago kwana 180 ta sake duba ƙa'idojinta, wato sai wajen farkon Fabrairu. Ko ta fitar, masu kula da asusun asibitinku ne za su zaɓi abin da za su sa a jerin. Rahoton wata uku kuma hukumar SEC, mai kula da kasuwar hannun jari, ita ce ta wajabta shi tun 1970. Trump ya nemi a mayar da shi wata shida a Satumba, shugaban hukumar Paul Atkins ya ce za su gabatar da shawarar. Sai an wallafa daftari, an saurari jama'a, an kaɗa ƙuri'a, sannan in wani ya ga dama ya garzaya kotu. Ni dai ba na goyon bayansa. Manyan masu kuɗi suna da hanyoyin jin ɗumin kamfani, ƙaramin mai jari irinki kuwa rahoton nan ne tagarsa.

Direban Tirela

Malam, Allah ya ƙara basira, amma akwai inda zan ɗan ja da kai. Ka ce maganar 401(k) sai masu kula da asusu sun zaɓa, kamar abin yana nesa. Yawancin ma'aikata ba sa zaɓar komai da hannunsu. Ranar da aka ɗauke su aiki aka jefa su cikin asusun nan mai shekarar ritaya a jikin sunansa, shi ke nan. In aka cusa basussukan kamfanoni a cikin irin wannan asusun, Hajiya za ta wayi gari tana da su ba tare da ta danna komai ba, ga kuɗin kula da ya fi tsada. Tun a watan Mayu ma'aikatar ƙwadago ta janye gargaɗin da ta yi a 2022 kan sa kirifto a asusun ritaya. Alama ce ta inda aka dosa. Hajiya, ki shiga asusunki ki ga sunan abin da kuɗinki ke ciki tun yanzu.

Ni abin da ke hana ni barci a bayan mota ba SEC ba ce, inshorar lafiya ce. Motar tawa ce, babu kamfanin da ke biya mini, a kasuwar Obamacare, wato kasuwar inshorar da gwamnati ke tallafawa, nake saye. Ƙarin tallafin da aka fara a 2021 wa'adinsa 31 ga Disambar 2025 ne. A kansa aka rufe gwamnati kwana 43, daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamba, kafinsa ba a taɓa yin mai tsawonsa ba, aka buɗe ba a warware shi ba. Kuɗin da suka amince da shi ma yawancinsa zuwa 30 ga Janairu ne. Ga inda ya haɗu da hannun jari: daga baɗi in samunka ya haura ninki huɗu na ma'aunin talauci ko da dala ɗaya ce, tallafin ya tafi duka, kuma ribar da ka ci a hannun jari tana cikin lissafin samun. Jiya a wurin hutun direbobi na zauna da biro da bayan rasit ina lissafi, na ga ribar da nake son ci gara in ci ta a Disamba da in bari ta shiga 2026.

Kirifto kuma, mutane na ta cewa an yi doka. Wadda aka yi ita ce GENIUS, ranar 18 ga Yuli, kuma ta kuɗin intanet ɗin da aka ɗaure da dala ce kawai, ta ce duk dala ɗaya sai an ajiye madadinta. Babbar, wato CLARITY, mai raba aikin kula da kirifto tsakanin SEC da CFTC, wato hukumar da ke kula da cinikin kwangilolin kayayyaki, ta wuce majalisar wakilai da 294 da 134 a Yuli, zuwa Disambar 2025 tana maƙale a majalisar dattawa inda sai an haɗa ƙuri'a 60. Ba ta mutu ba, wannan majalisar sai Janairun 2027 wa'adinta ke cika, amma baɗi shekarar zaɓe ce, ranar 3 ga Nuwamba, kowa ta kujerarsa zai yi. Abin da ya tabbata shi ne daga cinikin bana dillalan kirifto za su fara aika wa IRS, hukumar harajin Amurka, sabon fom mai lamba 1099-DA. Wanda ke tunanin ba a ganinsa, yanzu ana gani.

Auta

Anti Maman Yasmin, ina wuni. Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba a Amurka nake ba, daga Najeriya nake sayen hannun jarin can ta manhaja, kuma dokokinsu suna taɓa mu ta wata fuskar daban.

Mu duk rabon ribar da kamfanin Amurka ya biya, kashi 30 cikin 100 ake zarewa tun kafin ya iso, domin babu yarjejeniyar haraji tsakanin ƙasashen biyu. Watan jiya aka biya ni dala 10, dala 7 na gani. A watan Yuni hankalin masu jari na waje ya tashi a kan sashe na 899 na wannan babbar dokar, wanda zai ƙara haraji a kan 'yan ƙasashen da Amurka ke ganin suna matsa wa kamfanoninta. A ƙarshen watan aka cire shi bayan fahimtar juna da ƙasashen G7. Har yau ina ganin masu tura tsohon labarin a WhatsApp kamar yana nan.

Abu biyu nake so in tuna wa masu irin halina. Fom ɗin W-8BEN da muke cikewa don shaida cewa mu ba mazauna can ba ne yana da wa'adi, wanda aka sa wa hannu a 2022 ranar 31 ga Disambar 2025 wa'adinsa ke cika. Na biyu, ana ta murnar an ɗaga iyakar harajin gado zuwa dala miliyan 15 daga 2026. Wannan na 'yan ƙasa da mazauna ne. Mu da ke waje, dala 60,000 ce iyakar, abin da ya haura haraji na iya hawa kansa in mutum ya rasu. Ni ban kai ko kusa ba, amma akwai iyayenmu da suka kai, kuma magadansu ba su sani ba.

Maman Yasmin

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tashi aiki ƙarfe bakwai, ban kwanta ba sai da na bi maganganunku ɗaya bayan ɗaya, Yasmin na goye a bayana.

Malam, da ba ka ambaci juya rabon riba ba da na sake faɗawa ramin bara. Na shiga saitin manhajar na tarar a kunne yake ga duk abin da na mallaka. Kamfanin solar ba ya rabon riba, don haka bai taɓa shi ba, amma akwai wani da nake tunanin sayarwa wanda aka saya mini ɗan guntunsa ranar 1 ga wata, na dala 6 da 'yan canji. Na kashe abin, na kuma rubuta kwanan watan a jikin kalandar kicin. Takardar biyana ma na ciro ta daga aljihun rigar aiki inda na saba cusa su har su yage, na ga ashe an ware kuɗin ƙarin lokaci a layinsa daban. Bana bayan na dawo daga hutun haihuwa na yi aikin ƙari sosai, ban san yana da wata daraja a wurin haraji ba.

Yaya Direba, gaskiyarka. Na duba, kuɗina duka yana cikin asusu mai 2050 a jikin sunansa, kuma ban taɓa zaɓarsa ba. Da na buɗe bayaninsa na ga tun yanzu ma akwai takardun bashi masu kuɗin ruwa a ciki, ba sai an jira wani umarnin shugaban ƙasa ba. Abin ya dame ni matuƙa. Shekara biyar ina tantance abin da nake saye a ƙaramin asusuna, babban kuwa na bar shi yadda aka ajiye ni. Na aika wa ofishin ma'aikata saƙo ina tambaya ko tsarinmu yana ba da damar mutum ya zaɓi nasa da kansa. Asusun Yasmin ma zan kai maganarsa gaban malaminmu kafin Yuli, tunda na ji cewa a tarin manyan kamfanonin Amurka za a zuba kuɗin, kuma bankuna na ciki.

Rufe gwamnati a Janairu da maganar wanda zai gaji Jerome Powell a babban bankin Amurka in wa'adinsa na shugabanci ya cika a Mayun 2026, na ajiye su gefe, don babu abin da zan danna a wayata da zai canja su. Solar kuwa na yanke zan sayar ranar Litinin in Allah ya kai mu. Ba don haraji kaɗai ba. Dalilin da ya sa na saya shi ne rangwamen gwamnati, kuma rangwamen ya tafi.

Auta, ka ce da iyayen naku su nemi mai ilimin abin tun suna da rai, maganar gado ba ta wasa ba ce.

Malam, saura tambaya ɗaya. Na tambayi Baban Yasmin da safen nan, ya ce shi ma yana da hannun jarin kamfanin solar nan, ni na ba shi shawarar tun farko, kuma ya ƙara saye ranar 28 ga Nuwamba da ya ga ya faɗi. Litinin ɗin tawa tana nan, ko in dakata?

Malam Akanta

Ki dakata. In kika sayar ranar Litinin mai zuwa, sayensa na 28 ga Nuwamba yana cikin kwana 30 na baya, kuma asarar adadin hannayen da ya saya za ta tsaya. Ki ƙirga daga ranar: kwana na 30 ya faɗo 28 ga Disamba, wadda Lahadi ce. Kina da Litinin 29, Talata 30 da Laraba 31. Ki sayar ranar 29, sannan ku duka biyu kada wanda ya taɓa kamfanin nan, a kowane asusu, har Janairu ya fita. Ki tambaye shi guda nawa ya saya, kuma ko a IRA ɗinsa ne.